Gwaggo ta Ƙarƙashin Bene

Kowa a tsangayar kimiyya Gwaggo yake ce mata, har farfesoshin da suka girme ta. Aikinta shara da wanke kwalaben gwaji. Tana da ɗan ɗaki a ƙarƙashin matattakalar bene, inda take ajiye bokitai da tsintsiya da wata kujera mai ɗingishi.

Wata safiya ta tarar da wata ɗaliba tsaye a ƙofar ɗakin gwaji, goye da jariri, idanu jajir. Mai raino ba ta zo ba, ga jarrabawa, malami kuma ya ce ba a shiga da yaro wurin sinadarai. Gaskiyarsa.

"Share hawayenki, miƙo min mijina," in ji Gwaggo. "Je ki haɗa ruwan kalolinki. In kika faɗi, ni da ke ne."

Ba ta faɗi ba. Labari ya bazu, kafin hutu jarirai sun cika tabarmar Gwaggo. Iyayen kan zo shayarwa su kife bokiti su zauna, wannan ta tambayi waccan lissafin da ya gagare ta. Da 'yammata suka ji ana gane karatu a wurin, su ma suka fara leƙowa.

Mace ɗaya ce a cikin malaman tsangayar a lokacin, ana mata laƙabi 'Yar Alli don mayafinta ba ya rabuwa da farin alli. Ta zo aron tsumma, ta ga taron, ta riƙe haɓa.

"Gwaggo, jami'a kika buɗe a cikin jami'a?"

"Ni na san musu? Wuri kawai na ba su, suka hana ni sakat."

Malamar ta yi ta sintiri ofishin shugaban tsangaya tana neman ɗaki, yana cewa babu. Ƙarshe ta lallaɓa shi ya zo ya gani da idonsa. Yana sunkuyawa zai shiga, wata mai tatata ta cafke masa wando ta ce, "Baba!" Dariya ta ƙwace masa. A makon ya sa aka kwashe karyayyun kujeru daga wani aji, aka ba su.

Daga nan cibiyar mata masu karatun kimiyya ta fara. Aka samu littattafai, aka riƙa ɗauko 'yammatan sakandare ranar Asabar su taɓa na'urori da hannunsu. Gwaggo ta bar shara ta koma cibiyar gaba ɗaya. Ran da aka nuna mata ɓawon albasa a madubin ƙara girma, ta ga 'yan ɗakuna jere reras, ta ja da baya tana salati. "Ashe gidajen haya nake yankawa a miya!"

Shekaru sun ja, cibiya ta samu gininta. Ranar buɗewa 'Yar Alli, wadda ta zama farfesa, ta miƙa wa Gwaggo almakashi a gaban manyan baƙi. Gwaggo ta shafa jan ƙyallen da aka ɗaura a ƙofa.

"Wannan mai kyau haka za a yanka? Allah ya kiyaye."

Ta kwance ƙullin a hankali, ta naɗe ƙyallen ta soke a haɓar zane, ta tura ƙofa. "To, ku shiga mana, rana na dukan yara."