Ranar da Na Zura Tocila a Rijiyar Unguwarmu

Ko shekara ɗari zan ƙara a duniya, ba zan manta da ranar da na zura tocilata a rijiyar unguwarmu ba. Har yau in na tuna sai in ji zuciyata tana tafasa, kuma rabin fushin da kaina nake yi. Na gaji da jin mutane suna cewa wai tsautsayi ne. Tsautsayin me? Mu muka yi abinmu da hannunmu, da rana tsaka, ana kiɗa ana tafi.

A lokacin ni direban motar haya ne, ina jigila tsakanin Kibiya da Kano, gidanmu kuma yana wani ƙauye daf da Zurgu. Shekarun farko ne na dawowar siyasa, ba a kuma daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba. Wanda ya rayu a lokacin ya san yadda gari yake. Malaman gaskiya suna zaure suna karantarwa, mu kuwa 'yan tasha da 'yan bakin shago kowa ya zama mai fatawa. Duk abin da tsoho ya yi wanda ba mu gane ba, sai mu ce camfi ne. Ni kam har na fi kowa zaƙewa, don ina shiga birni kullum, ina ganin kaina wayayye.

Rijiyar da nake magana a kai, muna yara a cikin inuwa take. Tsamiya biyu ne a kanta, ga ɗorawa, ga wata ƙatuwar kanya, kuma ruwanta bai taɓa yankewa ba. Sai masu gawayi suka shigo. Ɗaya bayan ɗaya aka kayar da itatuwan nan, da na gonakin da ke kewaye. Kada in yi muku ƙarya, buhunan gawayin da yawa a motata aka kai su Kano. Damina kuma ta canza hali. Sai ta makara, in ta zo ta zubo gaba ɗaya ta kwashe ƙasar gona, ta ɗauke tun dawa ba ta nuna ba. Rijiya ta yi ta ja da baya har ta ƙafe. Aka rufe bakinta da katako da tsohuwar zana, shara da ganye suka yi ta faɗawa suna ruɓewa a ciki har shekara biyu. Mata suka koma tafiya rafi suna tonon yashi, ciki har da matar yayana, wadda a lokacin cikinta ya tsufa.

Yayana shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Manomin lambu ne, ƙaƙƙarfa, ba mai yawan magana ba. Shi ya kai ni koyon tuƙi. Duk abin da ya shafi zamani, daga maganin feshi zuwa batirin rediyo, sai ya tambaye ni kafin ya taɓa, wai ni ne ɗan birni.

Ana nan sai wani Alhaji mai neman kansila ya ce zai sa a yashe mana rijiya. Mun yi murna, wallahi mun yi murna. Abin da ba mu lura ba shi ne ranar da ya zaɓa. Ranar ce manyan jam'iyyarsu za su wuce ta hanyarmu zuwa Kibiya, yana so su tsaya su ga ana fito da laka daga rijiya da sunansa. Tun da hantsi ya iso da makaɗa da mai ɗaukar hoto. Ni ma na ajiye aiki na tsaya kallo.

Aka kira Baba mai rijiya. Tsoho ne siriri, kusan duk rijiyoyin yankinmu ko shi ya haƙa ko mahaifinsa. Ya sa aka ɗage katakon, ya leƙa, ya shinshina. Sai ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata igiya, ya zura a hankali. Muna kallo harshen wutar ya fara ƙanƙancewa, ya yi ja, kafin ta kai ƙasa ya mutu. Ya jawo, ya gyara lagwani, ya sake kunnawa. Ta sake mutuwa a daidai wurin. Sau uku ana haka.

Ya naɗe igiyarsa ya ce, "Alhaji, yau ba za a shiga ba."

Alhaji ya ce, "Kamar yaya ba za a shiga ba?"

"Sai an kaɗe ta. A samo rassan darbejiya masu ganye, a ɗaure a igiya, a yi ta zurawa ana fizgowa. Yini ɗaya ko biyu. In fitila ta sauka ƙasa da ranta, ni da kaina zan shiga."

Muka ɗaga kai muna neman itacen da za a saro. Ina! Iya ganinka kututture ne. Ko wannan bai sa mun ji kunya ba.

Alhaji ya duba agogo, ya dubi titi, ya juyo da murya sama don jama'a su ji. "Baba, wato sai mun nemi izinin mutanen ɓoye da fitila da ganye? A garin da ake Shari'a? Haba Baba, ka ji tsoron Allah mana!"

Baba ya ce, "Ni ban ambaci aljani ba, Alhaji. Na ce inda wuta ta mutu, mutum ba ya rayuwa. Haka na tarar, haka kuma na gani."

Alhaji ya ce, "Fitilarka ce ta tsufa kamar mai ita."

Aka fashe da dariya. A nan ne ni mai kankamba na sa baki. Ina da wata doguwar tocila da na sayo a Kano, mai cin manyan batura, ina ji da ita kamar me. Na ruga mota na ɗauko, na ce, "Baba, zamani ya wuce lagwani da kananzir. Bari ka ga fitila." Na kunna, na ɗaura mata igiyar Baba, na zura. Ta wuce wurin da ta Baba take mutuwa, ta sauka har ƙasa, ta zauna a kan laka tana haske fes. Makaɗa suka ɗauka, mutane suka yi ta tafi, Alhaji ya dafa kafaɗata yana cewa ga irin matasan da ƙasa take buƙata. Kaina ya kumbura.

Baba ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ita wannan taka tana numfashi?"

Na yi dariya. Allah ya gani, dariya na yi wa tambayar nan. Da na tsaya na yi tunani na minti ɗaya, da na gane duk abin da yake nufi, amma tafi ya toshe min kunne.

Alhaji ya ce tunda tsoho ya tsorata, ko babu namiji ne a unguwar nan? Sai na ga yayana yana cire riga. Ba tafin ne ya ja shi ba, na san halinsa. Cewa ya yi, "Na gaji da ganin baiwar Allahn nan da tulu a ka da wannan ciki." Ya zo bakin rijiya, ya leƙa hasken tocilar, ya juyo ya dube ni.

"Ka ce lafiya ko?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya. Ga shi har ƙasa ina gani."

Baba ya riƙe hannunsa, ya roƙe shi don Allah don Annabi, ya ce ya girmi ubansa, ya ji maganarsa. Mutane suka fara gunaguni, wani ya ce tsohon hassada yake yi don an nuna an fi shi. Da Baba ya ga ba zai iya hanawa ba, sai ya ce to a bari shi ya ɗaura masa wata igiya. Ya zagaya ta ƙarƙashin hammatar Yaya, ya yi wani ƙulli da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Ka riƙa magana kana sauka. Kada ka yi shiru."

Yaya ya fara sauka yana taka ramukan jikin rijiyar, yana salati da ƙarfi. Muna jin muryarsa tana ƙara nisa. Can sai salatin ya fara kakkatsewa, kamar mai jin barci. Sai ya ce, "Kaina..." Bai ƙarasa ba. Igiya ta yi wani irin fizga, muka ji jiki ya bugi bango.

Na ƙwalla kiransa, shiru. Na cire takalmi na ɗora ƙafa a bakin rijiya zan bi shi. Ban san inda tsohon nan ya samo ƙarfi ba, ya fizgo ni baya ya ɗauke ni da mari, irin wanda tun ina yaro ba a yi min ba. Ya ce, "Gawa biyu kake so uwarku ta gani? Kama igiya!"

Muka kama, mu shida. Muka ja, ya taso kaɗan, sai ya maƙale a inda bangon ya kumburo. Wasu suka ce a ja da ƙarfi. Baba ya daka musu tsawa, ya ce za su karya masa wuya. Ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar yana ba da umarni, a sassauta, a karkata gabas, a ja a hankali, a sake sassautawa. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, amma ya fi ƙarfin abin da ƙwaƙwalwar mutum za ta jure. Da muka fito da shi, leɓɓansa sun yi baƙi, jikinsa ya saki. Baba ya hau danna masa ƙirji yana hura masa iska har ya ja wani numfashi mai ƙara.

Kun san abin da Alhaji yake yi a daidai lokacin? Yana kora makaɗa bakin titi, wai motocin manya sun taho, a tare su a can kada su ƙaraso su ga abin da ya faru. Ko motarsa bai ce a ɗauka ba. A tawa na sa Yaya, na taka ta zuwa asibitin Rano kamar zan fasa inji, tocilata tana can ƙasan rijiya tana ta haskenta.

Kwana uku Yaya bai san inda yake ba. A rana ta biyu likita ya kira ni ya ce in gaya masa yadda aka yi. Da na zo kan tocila, sai ya ajiye biro ya dube ni. Ya ce iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, wadda suke kira kabon, ita ce take fita daga ganyen da ke ruɓewa, daga gawayi, daga hayaƙin mota irin tawa. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka a rufaffiyar rijiya sai ta kwanta a ƙasa ta kore mai kyau. Ba ta da launi, ba a ganinta. Wuta tana buƙatar abin da huhu yake buƙata, shi ya sa take mutuwa a inda mutum zai mutu. Ya ce, "Tsohon nan gwaji ya yi, irin wanda ni ma zan yi. Kai kuma ka aika abin da ba ya shaƙar iska ya gwada maka iska." Ya ƙara da cewa itatuwa su ne masu shanye wannan iska, kuma yawanta a sama ne yake rikita damina. Na fita bayan ɗaki na yi kuka kamar yaro.

Alhaji ya zo dubiya bayan mako guda, ya ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Na ce masa ƙaddara gaskiya ce, amma agogon da yake ta dubawa ranar nan nasa ne. Sai da aka riƙe ni. Limaminmu, wanda ba ya gari ranar, ya faɗa a masallaci cewa kiyaye rai addini ne, kuma wanda ya jefi mai sana'a da camfi ba tare da sani ba ya nemi gafararsa. Ni na je na durƙusa gaban Baba. Ya ce ya yafe, amma in ɗauko mota. Har kusa da Zinyau muka je kafin muka sami darbejiyar da za a sara wa rassa. Kwana biyu muna zurawa muna fizgowa, har fitilar ƙwai ta sauka ƙasa da ranta. Tsohon nan ya shiga da kansa ya yashe, ya ƙara zurfi, ruwa ya ɓuɓɓugo. Babu makaɗi ko ɗaya a wurin.

Yaya ya tashi, amma ba duka ya dawo ba. Maganarsa ta yi nauyi, hannunsa na dama yana karkarwa, lambu ya gagare shi. Matarsa ta haifi 'ya mace, ya yi wata da watanni yana tambayar sunanta ana maimaita masa. Ranar rijiyar kuwa ta goge gaba ɗaya daga kansa. Bai san abin da na yi masa ba, ko da na gaya masa sai ya yi murmushi ya manta. Wannan ya fi min zafi a kan ya zage ni.

Tun daga shekarar ban sake ɗora buhun gawayi a motata ba. Na dasa darbejiya da tsamiya kewaye da rijiyar, na yi musu shinge saboda awaki, na shayar da su da guga rani bayan rani. Na yi faɗa da masu gatari har an san ni, ana ce min mai ciwon itace. Su faɗa. Yanzu in na ji ana maganar sauyin yanayi a rediyo kamar wani abu ne na ƙasashen waje, haushi yake kama ni, don ni a gidanmu na gan shi, yana zaune a kan tabarma hannunsa na rawa.

A inuwar itatuwan nan Yaya yake yini yanzu. Abu ɗaya ne bai manta ba. In za a ba shi magani, ko za mu tsallaka titi, ko an kawo wani sabon abu gida, sai ya juyo ya dube ni kamar ranar nan, ya ce, "Ka ce lafiya ko?" Abin da na koya bai wuce wannan ba: in mai sana'a ya ce a dakata, a tambaye shi dalili kafin a yi masa dariya, kuma wanda aka yarda da shi kada bakinsa ya riga saninsa. Shi ya sa in Yaya ya tambaye ni, nakan ce, "Tsaya tukuna, Yaya, bari in tambaya." Sai ya tsaya yana jirana, don har gobe ya yarda da ni.