Shekarar da Bani Malik Ta Samu Muhtarif

Shekarun baya, lokacin ina fama da wata tsohuwar mota mai tari kamar mai asma, ni ne nake kai ɗan yayata filin golf. Na san waɗanda suka san ni yanzu za su yi dariya, ni da golf? To haka abin ya faru. Mu haifaffun Jidda ne, kakanmu ya zo aikin hajji daga Damagaram bai koma ba, a unguwar Bani Malik muka tashi. A duk zuriyarmu ba wanda ya taɓa riƙe sandar nan sai wannan yaro. Babansa direba ne a gidan wani attajiri mai son wasan, yakan tafi da shi fili tun yana ƙarami don kada ya yi ta gantali a unguwa. Wata rana aka miƙa masa sanda da wasa, daga nan bai sake ta ba.

Ranar farko da na kai shi gasa, na duba allo na ga lambarsa ta fi ta kowa ƙanƙanta. Na je na dafa kafaɗarsa ina ba shi haƙuri. Ya dube ni, ya amsa da Larabci, don Hausa yana jin ta sarai amma bakinsa ba ya juya ta: "Khali," wato kawu, "ai ni na ci. A wasan nan mai ƙaramar lamba shi ne gwani." Na ce to, Allah Ya ƙara ƙanƙanta ta. Iyakar ilimina ke nan a lokacin.

Yana shekara goma sha bakwai ya doke manya a wata gasa, wani ya ɗauki bidiyon ya saki. Tabɗi! Kafin mu dawo gida wayata ta ɗau zafi. 'Yan Nijar suna rubuta ɗanmu ne, 'yan Najeriya suna cewa ai jininmu ne, wasu 'yan Saudiyya suna cewa ɗan Jidda ne, a nan aka haife shi. Yaron da ko gaisuwarsa ba a cika amsawa ba a bakin masallaci, sai ga shi kowa kawunsa ne.

A tsakiyar wannan hayaniya hanyoyi biyu suka buɗe masa. Kocinsa, wani Bature dattijo, ya samo masa gurbi a wata jami'a a ƙasar waje: zai yi karatu kyauta, yana buga musu wasa. Sharaɗi ɗaya ne, ya ci gaba da zama hawi, wato wanda bai mai da wasan sana'a ba. Sai kuma wani dillalin 'yan wasa, mai ƙamshin turare da daɗin baki, ya zo har gida ya ce a bar yaro ya zama muhtarif yanzu-yanzu, tun sunansa yana tashe.

Wannan kalma ita ta kashe mu. Duk wanda ya tashi a Jidda, idan ya ji muhtarif, ɗan ƙwallon ƙafa yake gani: wanda ake tara a filin jirgi da furanni, kulob ya ba shi gida da mota da albashi duk wata, ko ya buga ko yana benci. Abin da Bani Malik ta ji ke nan. Hawi kuwa a kunnenmu ɗan koyo ne, mai wasan banza.

Ni saboda yawan zaman jira a mota, na saba da kocin, ya yi mini bayani da Larabcinsa na kame-kame. Ya ce a golf babu kulob ɗin da zai ɗauke ka. Kai za ka kai kanka gasa, ka biya jirgi da masauki. A tsakiyar gasa ana sallamar kusan rabin 'yan wasa hannu rabbana. Kuma ranar da yaro ya ce shi muhtarif ne, jami'a ta rufe ƙofa. Ya kama hannuna ya ce, "Ka faɗa wa babansa, yaron nan bai nuna ba tukuna."

Na faɗa. A majalisar da ake shan shayi bayan la'asar na faɗa, gaban babansa da dattawan unguwa. Wallahi kamar na zagi uwar wani. Akwai wani dattijo mai shagon yadi a kasuwar Balad, wanda maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa a unguwarmu. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Yaro, kai ka fi mu sanin Larabci ne? Muhtarif muhtarif ne, ko a ƙwallo ko a wannan wasan sanda. Bature yana so ya tafi da shi ƙasarsu ya ci moriyarsa, kai kuma kana taya shi." Wani ya cafe, "Har yaushe zai zauna hawi? Sai ya yi furfura?" Wani kuma ya jefa wadda ta fi kowacce nauyi: "Muhtarif ba ya wahalar iƙama, takardar izinin zama. Wa ya sani ma, ko takardar zama ɗan ƙasa a ba shi."

Na ga fuskar mijin yayata ta canza. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, a sabunta masa takarda, ga ɗansa yana dab da shekarun da zai nemi tasa, ka ce masa ga hanyar da za ta raba yaron da wannan wahala? Halas, an gama da shi. Ba na ganin laifinsa har gobe.

Da na matsa, sai magana ta juya kaina. Aka ce hassada ce, wai don nawa 'ya'yan ba su iya komai ba sai cin shawarma. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta kira ni ta ce, "Kai dai ka yi masa addu'a, ka bar mutane su daina zaginka a kaina." Na samu yaron shi kaɗai a mota na tambaye shi abin da yake so. Yana kallon titi ya ce, "Ina son jami'ar, Khali. Amma ka ga yadda Baba yake tafiya yanzu a unguwa?" Na gani. Mutumin da ke bin gefen bango, ya koma bin tsakiyar layi ana yi masa mabruk, ana taya shi murna.

Haka yaro ya bi dillalin ya zama muhtarif. Aka kama wurin biki aka dafa shinkafa da rago, aka yi ta hotuna da shi yana riƙe da sanda cikin farar riga. Ni ma na ci, ba zan yi ƙarya ba, har na ƙara. Kocin bai zo ba.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Yaro ya shiga cikin mutanen da suka girme shi da shekaru, waɗanda wasan nan shi ne tuwonsu. Ya je gasa a sallame shi a tsakiya, ya dawo, ya sake zuwa, a sake sallamo shi. Bugun da ba ya kuskure ya fara kuskure, saboda duk bugu ɗaya yana jin Bani Malik gaba ɗaya a kan kafaɗarsa. Dillalin ya rage ɗaga waya, daga baya ya daina. Masu rubuta ɗanmu ne suka koma rubuta dama an zuzuta shi ne kawai. 'Yan Nijar suka bar wa 'yan Najeriya, su kuma suka ce ai ɗan Saudiyya ne. Ba wanda ya ba shi takardar komai. Da muka koma wa kocin, ya ce ana iya neman a mai da shi hawi bayan jira, amma gurbin jami'a tuni aka ba wani.

Yanzu yana aiki a wani wurin wasa na cikin gini, yana koya wa 'ya'yan masu hali yadda ake riƙe sanda. Yana da mata da 'yarsa ɗaya, ba ya roƙon kowa, alhamdu lillahi. Amma idan aka sa golf a talabijin, tashi yake ya bar ɗakin.

Mutane suna ce mini abin ya wuce, in manta. Na yi ƙoƙari. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, a cikin duk masu ihun nan babu wanda ya san ko ramuka nawa ne a filin, babu wanda ya taɓa zuwa ya tsaya cikin rana ya kalle shi. Sun yanke wa yaro rayuwa a kan kalmar da ba su gane ba, suka sha shayinsu suka watse, ba wanda ya yi asarar ko barcin rana ɗaya.

A wani ɗaurin aure da aka yi kwanakin baya, na zauna kusa da dattijon nan mai shagon yadi, ya tsufa sosai yanzu. Ɗan yayata ya zo yana zuba wa manya gahawa, ya durƙusa ya zuba masa. Da ya wuce, tsohon ya bi shi da kallo, ya girgiza kai, ya juyo gare ni cike da tausayi ya ce, "Kai, yaron nan an cuce shi. Da karatu aka bar shi ya yi. Ku danginsa, a ce a rasa mutum ɗaya da zai faɗa wa ubansa gaskiya?"