Haruna da Tayar da Ba Ta Fashe Ba

Shekara bakwai ke nan da muka binne ƙanena Haruna. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don ba na son jama'a su taya ni kukan da ba nasu ba. Bana kuwa dole ta sa na ɗauki alƙalami, saboda an fara sayar da mutuwarsa a shago.

A unguwar Karantina da ke Jidda aka haife mu, kuma tun yana yaro keke ya shiga ransa. Da ya girma ya samu aikin ɗaukar kaya a wani sito a unguwar masana'antu, sai ya haɗu da wasu samari masu zuwa tsaunukan Ɗa'ifa ranar hutu. A mota suke hawa da kekunansu, su gangaro a guje ta kan duwatsu. Na sha ce masa mai hankali ba ya biyan kuɗin mai don ya je neman karaya. Dariya kawai yake yi, ya ce, "Yaya, ke ba ki san daɗin iska ba."

Shugaban tafiyar tasu wani ne Jamilu, wanda yau ya koma Abu Rayan, ya ajiye gemu mai gyara, ya buɗe shagon kekuna a arewacin Jidda. Babbar hajarsa ita ce taya mai ɗaki biyu. Ƙaramar taya ce mai tauri ake cusawa cikin babbar, a cika ta da iska tam, ta danne bakin babbar a jikin ƙarfen wili. Ita babbar sai a rage mata iska don ta riƙa kama dutse, in kuma aka daki wani abu ta cikin ta tare bugun. Ban raina dabarar ba, kuma na san da Haruna yana raye da shi zai fara saya. Sai dai da zai yi dariya har ya riƙe ciki in ya ga masu sayenta a yanzu, ƙatti da hular kwano da safar hannu, suna yawo da tayar dutse a bakin teku inda ko tsakuwa babu, suna tsayawa ɗaukar hoto.

Wannan duk ruwansu. Abin da ya shafe ni shi ne abin da Jamilu ke faɗa wa masu saye. Yakan yi ajiyar zuciya, ya ce yana da aboki da tayarsa ta fashe a gangare, da yana da irin wannan da yanzu yana raye. Maganar ta zaga har ta iso gidanmu a unguwar Madain Fahd, inda muka koma bayan an rushe Karantina. Rannan na ji mahaifiyarmu, wadda tsufa ya fara taɓa tunaninta, tana ce wa maƙwabciya taya ce ta kashe mata ɗa. Kunya da takaici suka hana ni cin abinci.

To, bari in faɗi yadda aka yi. Haruna ya faɗi da hantsi, kan keken ya bugi cikinsa, hannunsa ya karye. Yana magana, yana neman ruwa. Akwai asibiti a Ɗa'ifa, kuma iƙamarsa, wato takardar izinin zama, lafiyarta ƙalau. Ta Jamilu ce wa'adinta ya ƙare, motar ma ta kafilinsa ce, ubangidan da ya tsaya masa a takarda, ya ɗauko ba izini. Sai suka yi abin da muka saba yi a Karantina in mutum ya ji rauni ana gudun tambaya: a kai shi gida wurin mai ɗori. Suka kwantar da shi a kujerar baya, suka kamo hanyar Jidda, suna wuce asibiti bayan asibiti. Da tsohon mai ɗorin ya taɓa cikinsa sai ya janye hannu, ya ce wannan ba aikinsa ba ne, jini ne ke zuba a ciki. Kafin la'asar Haruna ya cika.

Na san wannan tsoron, a cikinsa muka tashi, kuma na yarda kwana in ya ƙare babu mai ƙara shi. Da Jamilu ya yi shiru ya ci gaba da sana'arsa, da na bar shi da Allah. Amma a ce wanda ya riƙe sitiyari ranar shi ne yau yake share hawaye gaban mai saye, wannan ƙasƙanci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

A watan jiya ya zo gida da ledar dabino. Ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya juyo gare ni. "Yaya Maryam, wallahi Haruna akhuya ne, ɗan'uwana ne. Ki ba ni kekensa in rataye a shago, zikra kawai, don tunawa da shi, mutane su riƙa yi masa addu'a."

Abin da Haruna ya bari ba shi da yawa. Gidan da aka haife shi ya zama fili, abokansa sun watse, bai yi aure ba balle a ce ga mai kama da shi. Saura keken nan da ke jingine a bayan ɗakina, da gaskiyar yadda ya mutu, ita ma in na saki ta tafi.

Na fito da keken, na ɗauko famfo na miƙa wa Jamilu, na ce ya ba tayoyin iska da hannunsa. Robar ta bushe, ta yi fari, amma ta gaba ta cika, ta baya ma ta cika. Muka tsaya muna kallonsu, babu wadda ta sace. Na ce ya ɗauka, da sharaɗin zai rataye shi haka, da tayoyinsa cike, kuma duk wanda ya tambaya ya faɗa masa waye ya tuƙa motar.

Ya ce, "Halas, shi ke nan, Yaya, zan dawo da mota." Har yau muna jiransa. Allah ya jiƙan Haruna, ya haskaka kabarinsa.