Tsakuwa a jijiyar ido

Goggo ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma ita ta koya mini cewa ƙarami shi ke fara gaisuwa. Ko da wasa ba ta taɓa fara gaishe ni ba. Tana Tungan Maje, ni ina Mpape, ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati. Da aka ƙara mini girma, ita na fara kira.

A lokacin na daɗe ina tuntuɓe da abubuwa. Buta a bakin masallaci, kujera 'yar tsugunno, takalman mutane. Na ɗora laifin a kan hanyoyin Mpape, waɗanda ko akuya sai ta lura. Wani lokaci in na miƙe, gani ya ɗauke na ɗan ƙiftawa ya dawo, in ce yunwa ce.

Wata Laraba na dawo aiki, na buɗe ƙofa, na sake kaya, na fita la'asar. Da na dawo, maƙwabcina, wani ɗan kudu mai gyaran janareta, ya miƙo mini ƙullin kuka da daddawa.

"Oga, mama naka ya zo. Ya zauna nan ƙasa kusa da ƙofa. Ka shiga ka wuce shi, ka fita ka wuce shi. Ya tashi ya tafi."

Raina ya ɓaci, da ita da ni duka. Me zai hana ta yi ko tari? Amma na san ta. Na kira, ba ta ɗauka ba. Ta aiko jikarta ta gaya mini cewa ta gode, ta ga matsayinta.

Wannan ne ya kai ni asibitin ido. Likitar ta haska ƙwayar idona. Da farko ta ji tsoron kumburi ne daga ƙwaƙwalwa. Bayan hotuna ta ce ba shi ba ne. Wasu 'yan ƙwayoyi ne masu tauri kamar tsakuwa suka taru a bakin jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa, wataƙila tun ina yaro, suna matse ta a hankali. Aka sa ni kallon wata na'ura ina danna maɓalli in na ga ɗigon haske. Na ƙasa da na gefe da yawa ban gan su ba. Abin da ke gabana ina ganinsa garau, har ƙananan rubutu, shi ya sa ban taɓa zargin idona ba. Amma wanda ya zauna ƙasa a gefena, babu shi. Mu kuwa manyanmu a tabarma suke zama.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Tungan Maje. Na same ta tana tsince shinkafa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ciki-ciki. Na yi mata bayani, ina jin kaina kamar mai ƙirƙiro uzuri.

Ta ajiye faifan, ta kama haɓata, ta ja fatar idona da yatsa.

"Ko ja bai yi ba," ta ce. "Tsakuwa a ido, kuma ba hawaye?"

"A can baya take, Goggo. Ba ta ciwo."

Ta ɗaga hannunta ta ƙasa, wajen gwiwata. Ban san ta ɗaga ba sai da na ji ƙarar awarwaronta. Ta ga ban motsa ba.

"To yaushe za su cire?"

"Ba a cirewa."

"Magani fa?"

"Babu. Sai dai a riƙa dubawa. Yana iya tsayawa haka, yana iya ƙaruwa."

Sai ta share ido da bakin mayafi.

"Kai, da ma a ce girman kai ne," ta ce. "Wannan na san yadda zan yi da shi."