Ƙwayar Dawar da Kaza Ta Ɗauke

Ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi ba, aka ba ni ɗalibai masu neman digirin dakta in koya musu binciken da ake yi tare da mutanen gari. Dokata ɗaya ce: ka miƙa wa mai gari sanda ya zana garinsa a ƙasa, kai kuwa ka ja bakinka ka yi shiru. Ga ɗan boko, wannan ya fi azumin bazara wuya.

Mun gwada da manoman albasa a Aliero, abin ya yi kyau, sai muka nufi Liba wajen ƙungiyar mata. Suka ja layukan gari da toka, kowane gida aka sa masa dutse, kowane mutum ƙwayar dawa. Dabarar dawar tawa ce, har ina taƙama da ita.

Wata tsohuwa ta jera mutanen gidanta, sannan ta ajiye ƙwaya ɗaya can gefe. Cikin ɗalibaina akwai wani mai rawar kai, ya kasa haƙuri.

"Inna, wannan fa wane ne?"

Ta kau da kai. Maƙwabciyarta ta raɗa mana cewa ɗan farinta ne, shi ya sa ba ta faɗin sunansa. Ya bi motar albasa zuwa Kudu shekaru da dama, ba shi ba labarinsa. Matarsa na nan zaune a gidan, ba ta da miji, ba ta da damar yin wani.

"To Inna, mazauna gari kawai ake sawa," in ji ɗalibin.

Tsohuwar ta ce, "Wa ac ce maka ba shi nan? Shina tahe, malam."

Na harare shi. Muka koma maganar inda za a sa rijiyar gari a zanen. Ana cikin gardama wata kaza ta ratso cikin zanen, ta tsallake gidaje cike da dawa, ta je ta tsince ƙwayar nan ta gefe, ta wuce abinta. Kowa ya gani.

Ɗalibin ya yi wuf zai mayar da wata. Tsohuwa ta riƙe masa hannu.

"Bari, ɗana. Na daɗe ina roƙon Allah shi gwada mani."

Da muka dawo Liba daga Jega bayan mako, muka tarar ana rabon gumba a ƙofar gidan tsohuwar. Liman ya yi ta faɗa cewa kaza ba shaida ba ce, ba wanda ya saurare shi. Na tambayi inda matar ɗan take, don ban gan ta cikin mata ba. Aka ce tana ɗaki, ta shiga takaba.