Ƙwan Zabi a Ƙarƙashin Kaza

Tun ranar da aka tura ni gwajin koyarwa a wata firamare da ke kan hanyar Shanono, kakarmu Iya Tabawa ta hana ni sakat, alhali shekararta shida a ƙasa. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai ta Bici, kuma kafin a ba mutum takarda dole ya je ya tsaya gaban allo na 'yan watanni, malamansa su biyo shi su ga kamun ludayinsa, su ba shi maki. Aji huɗu aka ba ni. Yaran sun haura saba'in, bencin bai kai goma ba. Masu ƙoƙari ke kan benci a gaba, sauran a ƙasa, har zuwa waɗanda suka jingina da bangon baya, waɗanda kowa a makarantar ke kira 'yan bango. Duk sanda na juyo daga allo na haɗa ido da su, sai muryar tsohuwar nan ta faɗo mini.

A ƙauyenmu gona ba ta da nisa da gado. Ka fito daga zaure, taku goma ka shiga dawar wani, ka ƙetare burtali ka faɗa gyaɗar wani. Da damina, in an idar da sallar isha'i, mukan taru a ɗakin Iya, mu jikokinta da 'ya'yan maƙwabta. Tana da wani tsohon kasko mai ɓallen baki da take zuba garwashi a ciki, ta watsa ganyen darbejiya don hayaƙin ya kori sauro, ta jera ɗanyar masara a gefe. Idanunmu na yaji, amma ba mai fita. Ni Maigida take kirana, don sunan mijinta na ci, kuma ba ta taɓa raga mini ba.

"Maigida, yau ma hannu na dukan cinya ka shigo? Ko ɓarin goro babu? Ni dai auren nan ya ishe ni."

Kusa da ni kullum Sale ke zama, ɗan ƙanin babana, kwana arba'in ne tsakanin haihuwarmu. Sale yana da in'ina mai nauyi. In zai ce kaza, sai ya yi ta bugun farkon kalmar har jijiyar wuyansa ta tashi. Al'adar Iya kuwa, in ta gama tatsuniya sai ta nuna wani ta ce ya maimaita. In ta nuna Sale, ni ba na iya haƙuri, kafin ya fito da kalma na riga na ƙarasa masa. Sai dai in ji mafici a tsakar kaina.

"Kai na tambaya? Baki kamar an shafa masa mai. Ƙyale shi. Ina za ni? Ɗakin nawa ne, masarar tawa ce."

Kuma in an ƙyale shi, tas yake kawo labarin, har da wuraren da ni na manta.

Akwai wadda ta fi yawan ba mu in zabi sun fara ƙwai. Takan gyara zama ta ce, "To ku matsa, ga wata nan ta taho." Mu ce, "Ta shigo mu gan ta."

Wai wata mata ce ta tsinci ƙwan zabi a cikin gonar gyaɗarta. Kowa ya san zabuwa ba ta iya kwanci ba, sakawa take ta yi gaba abinta, shi ya sa kaza ake sa wa. Matar ta haɗa su da ƙwan kazarta, rana guda, ta tura su ƙarƙashinta. Kaza ta kwanta. Da sati uku ya cika sai nata suka ƙyanƙyashe, 'yan tsaki biyar, suka cika akurki da kuka. Agwagwa ta leƙo ta ce, "Barka da arziki! Fito mana a ga 'ya'ya." Kaza ta dubi sauran ƙwan masu ɗigo-ɗigo, ta ƙwanƙwasa ɗaya da baki. A nan Iya kan sirantar da murya ta rera abin da ɗan cikin ƙwan ke cewa:

"Inna dakata, ina tafe,
Ɓawona ne da tauri."

Amma kukan waɗanda suka fito ya hana kaza ji. Ta ce, "Waɗannan baragurbi ne." Ta tashi ta karkaɗe jiki, ta zaga tsakar gida da 'ya'yanta, kowa na yabo. Ƙwan suka huce. Da matar ta kwashe su za ta zubar a juji, ɗaya ya suɓuce ya fashe, sai ga ɗan zabo cikakke, da gashinsa da ƙafafunsa, bakinsa dab da ɓawo. Ƙwan zabi sai ya ƙara sati guda a kan na kaza. Kwana kaɗan ya rage masa.

"Na sauke muku a nan," in ji Iya, "kowa ya ɗauki nasa."

Wani dare na ƙi ɗauka. Na ce, "To Iya, in ta ci gaba da kwanci, ai waɗanda suka fito yunwa za ta kashe su."

Ta juya masarar da ke gefen kaskon. Sannan ta ce, "Ku ji mini lauyan kaza. Amma gaskiyarka, kaza ba ta iya raba kanta biyu. Matar ce ta yi ganganci. Mai hankali na zabin take fara sawa, sai sun yi sati ta kawo na kazar, su fito tare."

"Ai ba a yi adalci ba ke nan, an ba wasu sati a kan wasu."

"Kai a fara tare ne ya dame ka. Ni a fito da rai ne ya dame ni. Karɓi masararka, ka cika ni da surutu."

Rana ɗaya aka sa mu makaranta ni da Sale, benci ɗaya. Malam ya yi tambaya, Sale ya buɗe baki, kafin kalmar ta fito an ce, "Na gaba." Na gaban kuwa ni ne, hannuna a sama ina kaɗa yatsu. A can ba mai mafici. Sale ya koma benci na biyu, ya koma ƙasa, ya koma bango, a aji huɗu ya daina zuwa. Ba wanda ya kore shi. Yanzu adaidaita sahu yake ja a Bacirawa, in na shiga birni ba ya bari in hau ta wani. Malam yake kirana, da zuciya ɗaya, ni kuwa duk sanda ya faɗa sai in ji kunya ta rufe ni, don na san wanda ya fi riƙe labari a cikinmu.

Wata Laraba, Malam Sabo, wanda ajin nasa ne tun kafin in zo, ya ja ni gefe. Mutumin kirki ne, ya fi shekara ashirin yana shaƙar alli.

"Gobe malamarku za ta zo duba ka, ko? To ga yadda ake yi. Yau ka koyar da darasin, ka tabbata 'yan benci sun riƙe amsa. Gobe da safe ka tura 'yan bango ɗebo ruwa a burtsatse. Kafin su dawo ta gama ta tafi. Kowa haka ya yi ya wuce. Ka sami takardarka tukuna, gyaran duniya ya biyo baya."

Ban yi masa musu ba. In na faɗi gwajin nan sai na maimaita shekara, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya kai nan. Babana har ya fara ce wa mutane ɗansa ya kusa zama malamin gwamnati. Na koyar da darasin a ranar, 'yan benci suka haddace. Na koma masauki na kasa zama wuri ɗaya, na shiga na fita, na ce wa kaina ai rana ɗaya ce, ruwan ma dama ana bukatarsa. 'Yan bangon nan ba daƙiƙai ba ne, na sani. Wasu sai sun kai awaki kiwo suke zuwa, wasu sai sun sauke tallar koko, lokacin shuka da noma kuwa sai ka yi sati biyu ba ka ga ƙeyarsu ba. Duk na san wannan, kuma da niyyar tura su na tashi.

Ina shiga aji, kafin in buɗe baki, sai wata yarinya daga jikin bango ta miƙe. Rabi sunanta, siririya, ta girmi yawancin 'yan ajin. Ta hango baƙuwar mota a gindin bishiya, har ta ɗauki bokiti.

"Malam, mu tafi ruwan?"

Ba wanda ya faɗa mata. Ta saba ne. Ba zan ce jarumta ce ta kama ni ba, kunya ce, irin wadda ke sa mutum ya rasa inda zai sa idonsa. Na ce ta ajiye bokitin ta zauna.

Malamarmu ta shigo ta zauna a gefe da takardunta. Darasin karatu ne. 'Yan benci suka yi ta amsawa kamar ana zuba tsakuwa a kwano, tana gyaɗa kai. Sai na rubuta kalmar tabarma a allo, na kira Rabi. Hannuwa suka tashi a gaba, yatsu na kaɗawa. Na ce kowa ya sauke. Rabi ta taso ta ɗora yatsa a ƙarƙashin harafin farko.

"Ta... ta..."

Ta tsaya. Malama ta duba agogo. Na ji kalmar ta taru a bakina tana neman fita, na danne ta da haƙori. Rabi ta ce "taba," aka fashe da dariya, na ce ta sake dubawa. Malama ta sake duba agogo. Wani yaro mai kaifin kai a bencin farko ya kifa kansa don gajiya, kuma shi ma yana da gaskiya, lokacinsa ne ke tafiya. Can sai Rabi ta ce, "Ta-bar-ma." Ta juyo ta dube ni, ta kasa yarda. Ba a jima ba aka buga ƙarfe, ban kai rabin abin da na tsara ba.

Da jan biro malama ta rubuta cewa ban iya tafiyar da lokaci ba. Da ƙyar makina ya tsallake. Ta ce, "Niyyarka mai kyau ce, amma manhaja ba ta jira." Ban ga laifinta ba, aikinta ta yi.

Na daɗe ina juya maganar Iya, kuma ba ta ba ni kwanciyar hankali ba. Sati gudan da ta ce a ba na zabi, tun kafin yaran nan su shigo ajina ya kamata a ba su, kuma ba a hannuna yake ba. Malami ɗaya da yara saba'in, in ya tsaya wa na baya na gaba sun yi asara, in ya bi na gaba na baya sun huce. Abin da na iya kawai, in an tashi hutun tara na daina zuwa shan shayi, nakan zauna da 'yan bango a inuwa muna rubutu da yatsa a ƙasa. Minti goma sha biyar ne, kuma na san bai isa komai ba.

Ana saura kwana biyu in gama, Rabi ta tsaya bayan an tashi, tana murza bakin hijabinta.

"Malam, wai da gaske jibi za ka tafi?"

Na ce da gaske ne.

Ta ci gaba da murza hijabin. Na jira ta.

"To wanda zai zo bayanka, ka faɗa masa ina iyawa. Daɗewa kawai nake yi."

Na ce zan faɗa masa. Har yau ban san wanda zan faɗa wa ba.