Auta Ta Daina Amshi

Ranar da ƙanwata Auta ta ce ta bar ƙungiyarsu, ina tsakiyar wanke wa wata mata kai a shagona, sai da na zuba mata kumfa a ido. Ƙungiyar da ake rububin tikitinta! Su huɗu ne, mata zalla, suna irin waƙar nan da ake ce wa sol, mai fitowa daga can cikin ƙirji. Babu gidan rediyon da ba ya sa su. Amma in ka sayi faifansu don ka ji Auta, sai ka kasa kunne kamar mai neman sauro a ɗaki.

A gaba akwai wadda muke ce wa Siririya, mai murya fes da take hawa sama ba ta ko haki. Ita kuwa Auta tana can baya kusa da mai ganga, da muryarta mai kauri, tana amshi. Tun tana budurwa take wannan tsayuwar har ta yaye 'ya'ya biyu. Ni abin ya daɗe yana ci mini rai, amma da ta ce ta fita, tsoro ne ya fara kama ni.

"Ke Auta, kina cikin hankalinki kuwa?" na ce.

"Yaya, albam zan yi, nawa ni kaɗai. Ko mutum ɗaya ne ya saurara, ya san muryata ce."

Manajan ƙungiyar, wani mai tumbi da ba ya rabuwa da tabarau ko a cikin ɗaki, cewa ya yi a bar ta, za ta dawo da ƙafarta. Wannan maganar ce ta sa na koma bayan ƙanwata gaba ɗaya. Ya ji da tumbinsa.

Ta rubuta waƙoƙinta a teburin kicin, yara na jan zanenta. Ta samo wani ƙaramin situdiyo a saman shagon masu sayar da taya, bangonsa duk soso, fankarsa sai an kashe ta kafin a ɗauki murya. Ranar farko na rufe shago na bi ta. Na zauna bayan gilashi kusa da mai haɗa sauti, wani dattijo mai haƙuri da kowa ke kira Injiniya.

Aka saki kiɗa, Auta ta fara. Baitin farko da ƙyar ta ja shi, jijiyoyin wuyanta duk sun tashi. Da aka zo wurin da waƙa ya kamata ta buɗe, sai na ga ta ja da baya daga makirfo, ta sauke murya, ta shiga amshi. Amshin wa? Babu kowa a gabanta! Injiniya ya tsayar, aka sake. Ta sake ja da baya. Ya ɗauko kujera ya tokare ta a bayanta, ta ture kujerar da ƙafa ba ta ma sani ba.

Ya kunna mana abin da aka ɗauka. Wallahi na ji kunya, na kuma ji tausayinta. Waƙa mai daɗi, amma tsakiyarta rami.

"Anti, ba laifin maƙogwaronki ba ne," in ji Injiniya. "Waƙoƙin nan duk a tsayin muryar waccan kika rubuta su. Kin ɗinka riga, amma awon wata kika ɗauka."

Shekara da shekaru in Auta ta ji waƙa a kanta, da muryar Siririya take jin ta, har ta zauna rubuta nata ba ta lura ba.

Labari ba ya ɓuya a wannan sana'ar. Kafin mako ya zagayo Siririya ta bugo waya, kuma tsakani da Allah ba da mugunta ba. Ta ce a turo mata kiɗan, za ta hau saman, Auta ta riƙe ƙasan, a sa sunan Auta da manyan haruffa. Injiniya ya ce shawara ce mai kyau, rediyo za su karɓa da gudu. Mijin Auta ma ya ce a yi hakan a huta. Ni kaina na fara lanƙwasa, sai Auta ta dube ni.

"Yaya, in ta hau saman, me na fita yi?"

Ta koma situdiyo ta ce wa mai fiyano ya sauke kiɗan ƙasa. Ya sauke. Ta ce ya ƙara. Ya ce, "Anti, nan fa wurin maza ne." Ta ce, "Nan ne wurina, sauke." Duk abin da suka ɗauka a baya aka goge, aka faro daga tushe. Injiniya ya gaya mata gaskiya, cewa masu rediyo sun fi son mace mai zaƙin murya. Ta ce su je su nemi mai zaƙin, sun san gidanta.

Da ta buɗe baki a wannan karon, gilashin da ke gabana sai da ya yi rawa. Ni da na goya ta, ban san haka muryarta take ba. Na yi kuka, na kuma ce wa Injiniya in ya gaya wa wani sai na aske masa gemu.

Albam ya fito. Ba zan yi muku ƙarya ba, bai kama ƙafar na ƙungiyar ba. Gidajen rediyo biyu suka sa shi, ɗaya ma mai gabatarwar ya zaci namiji ne, ya ce "wannan bawan Allah". A shagona kuwa shi ake ji daga buɗewa har rufewa, wadda ba ta so ta kai kanta wani wuri.

Wasan ƙaddamarwa a wani ƙaramin zaure aka yi. Ya cika, amma na san rabinsu sunan ƙungiyar ne ya kawo su. Ga manaja can baya da tabaransa, ya harɗe hannu. Auta ta yi waƙa biyu, sai wani ya ɗaga murya yana kiran tsohuwar waƙar ƙungiyar, wadda kowa ya haddace. Wasu suka kama masa, har da buga kujeru. Na miƙe zan ci masa mutunci, Auta ta ɗaga mini hannu.

"Ita kuke so? To."

Ta yi wa makaɗa alama, suka ɗauko ta. Zaure ya kaure da ihu. Auta ta tsaya ƙyam, baki rufe. Baiti ya wuce ba ta ce uffan ba. Da aka zo amshi ta yi gunjin nan nata a ƙasa, ta ce "haka ne, haka ne," ta sake rufe baki. Kiɗa na tafiya, babu mai waƙa. Haka ta yi har ƙarshe, ba ta ƙara ko harafi a kan abin da aka saba ba ta ba. Ihun ya mutu tun a tsakiya, har tarin mai ganga ana ji.

"Rabona ke nan a waƙar, kun ji shi duka," ta ce. "Mai son sauran, ƙofa na buɗe."

Wasu sun tashi, na ƙare musu kallo ɗaya bayan ɗaya har suka fice. Auta ba ta ko dube su ba. Ta juya ga mai fiyano ta ce, "Ta uku. A ƙasa."